«Aiki ya tsaya, kuɗi sun ƙaru»: jinkirin ayyukan hanya a ƙasar Arlit da yadda ake faɗarsa da Hausa

1. Gabatarwa

A wannan ƴar maƙala za mu duba jinkirin ayyukan gwamnati da hauhawar kuɗinsu a arewacin jihar Agadas, sannan mu duba siffar aikatau da ake bayyana su da ita, domin ita ce ke nuna wa mai saurare ko akwai mai alhaki ko babu.

2. Ayyukan

Hanyar Tawa zuwa Arlit, mai kimanin kilomita 650, wadda ake kira «hanyar yuraniyom», an shimfiɗa ta ne a ƙarshen shekarun 1970 don jigilar ma'adinin SOMAIR da COMINAK. Manyan motoci da rashin gyara sun cinye kwaltarta. A yarjejeniyar watan Mayu 2014, kamfanin Areva ya yi alkawarin yuro miliyan 90, wato wajen CFA miliyar 59, don gyaranta. Wannan yarjejeniya ce kuma ta ɗage aikin ma'adanin Imuraren, wanda aka aza tubalinsa a 2009 da niyyar fara haƙa a 2012, kuɗinsa kuma suka tashi daga yuro miliyar 1,2 zuwa 1,9. Gwamnati ta janye lasisin a watan Yuni 2024 ba tare da an kai ga haƙa ba.

Haka nan guntun Arlit zuwa Asamaka, kilomita 225, wani yanki na hanyar Aljas zuwa Legas da aka kafa wa kwamiti tun 1966, yana cikin na ƙarshe da suka samu masu zuba kuɗi.

3. Dalilai

Za mu iya kawo dalilai uku. Na farko, nisa: kwalta, siminti da gazuwal daga nesa ake ɗauko su, ruwa kuma sai an haƙa rijiyoyi. Na biyu, tsaro: sace ma'aikata a Arlit a watan Satumba 2010 da harin 23 ga Mayu 2013 sun sa kowane aiki sai da rakiyar soja. Na uku, kasuwa: faɗuwar farashin yuraniyom bayan haɗarin Fukushima a 2011 ta sanyaya gwiwar masu zuba jari. Jinkirin da kansa yana haifar da tsada, don kuwa ana biyan hayar injuna da masu gadi ko ba a aiki, yarjejeniyar kwangila kuma takan ba da damar sake farashi idan kaya suka hau.

Masu haƙar zinariya na Tchibarakaten, kusa da iyakar Aljeriya, inda dubban mutane suka taru tun 2014, suna cikin masu biyan wannan tsada: abinci da mai a mota ake kai musu, duk wahalar hanya kuma a farashi take fitowa.

4. Siffar aikatau

Mu kwatanta waɗannan jimloli:

(a) Kuɗin aikin sun ƙaru.
(b) An ƙara kuɗin aikin.
(c) Ma'aikata ta ƙara kuɗin aikin.

A (a), «ƙaru» aikatau ne na aji na 7 a tsarin Parsons, wanda ke nuna abin da ya auku ga abu ba tare da ambaton mai yi ba, tamkar ruwan kogi ne ya ƙaru. A (b), «an» yana tabbatar da akwai mai yi, amma yana sakaya shi. A (c) kaɗai ake iya tambayar wani. Haka bambancin yake tsakanin «aiki ya tsaya» da «an tsayar da aiki», na aji na 5. Faransancin ofis ma yana ɓoye mai yi, amma ta hanyar suna, kamar «glissement du calendrier» ko «révision des prix», kuma mai fassara yakan mai da su siffa ta (a) domin ita ce mafi sauƙi.

5. Kammalawa

Shawararmu ga ɗalibai masu aikin fassara da ƙamus ita ce, a bar siffa ta (a) ga abin da ba hannun mutum a ciki, kamar ambaliya. Inda aka sa hannu a takardar ƙarin kwangila, wato «avenant», a yi amfani da (c), a faɗi wanda ya sa hannun.