Motar Mai Dawowa Gida: Yadda Lissafin Ya Juya

A da, idan aka ce wane ya gama zamansa a ƙasar waje zai dawo gida, tambaya biyu ake yi: yaushe zai iso, yaushe kuma motarsa za ta iso. Shi ya sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da akwatunansa, ita kuma ta biyo ruwa, bayan wata ɗaya ko biyu a wayi gari a gan ta a ƙofar gida, yara na leƙen gilashi, maƙwabta na shigowa da "Allah ya sanya alheri, ya tsare". Motar ce shaidar cewa tafiya ta yi kyau. Ita ce kuma asusun mai ita, domin ranar da rayuwa ta matsa, sai ya sayar ya sayi fili ko ya ja jari.

A 'yan shekarun nan wannan al'ada ta ja baya ƙwarai. Likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da ke dawowa daga Saudiyya ko Amurka ko Turai, mafi yawan waɗanda nake gani suna sayar da motocinsu ne a can, su iso da kuɗin a aljihu. Wanda ya nace sai ya taho da tasa, sau da yawa 'yan'uwansa ne ke fara ba shi baki. Mutane kan taƙaita dalili da cewa dala ta hau. Dala ta hau, gaskiya ne, sai dai mai dawowa daga waje da dalar a hannunsa yake dawowa, don haka wannan amsa ba ta isa ba sai an tona ta.

Akwai waɗanda tun kafin a zo maganar kuɗi an riga an fitar da su daga layi. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta gefen hagu irin na Ingila ta koma dama, kamar maƙwabtanta rainon Faransa, Ghana kuma ta bi sahu a 1974. Saboda haka motar da sitiyarinta ke dama ba ta da izinin shigowa ko samun lamba. Wanda ya zauna a Ingila, ko ya yi karatu a Malesiya ko Indiya, ko ya yi aiki a Afirka ta Kudu ko Kenya, motarsa ba ta hanyarmu ba ce. Akwai masu juya sitiyari a gareji, amma duk bakaniken kirki zai gaya maka cewa motar da aka yanke mata hanji aka ɗinke ba ta komawa daidai, kuma a kan babban titi ake gane haka.

Sauran, masu sitiyari a hagu, abin da ke jiransu a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas shi ne dokar da ba ta san su ba. Ɗan Nijeriya da ya daɗe a waje yana da rangwame a kan kayan amfanin kansa: tufafi, littattafai, tukwane, katifa. Mota ba ta cikin wannan rangwame. A idon hukumar kwastan, malamin da ya shekara 10 yana tuƙa Toyota ɗaya tilo zuwa wurin aiki daidai yake da dilan da ya loda motoci 50 don ya baje su a kasuwar Berger. Kuɗin fito ɗaya za su biya, layi ɗaya za su bi. Jami'an diflomasiyya ne kawai ke da ƙofar kansu.

Wasu ƙasashe ba haka suke yi ba. A Tarayyar Turai, wanda ya shekara guda cur yana zaune a wajenta, kuma ya mallaki motar na aƙalla wata 6, zai iya shigowa da ita ba tare da biyan kuɗin fito ba, da sharaɗin ba zai sayar ko ya ba da aronta ba sai bayan wata 12. Ingila ma tana da irin wannan sassauci. Kada a ce wannan jin daɗin masu arziki ne: Kenya, wadda take da tsauri har ba ta yarda a shigo da motar da ta wuce shekara 8 ba, tana yafe wa ɗan ƙasarta mai dawowa harajin mota ɗaya idan ya mallake ta na shekara guda. Amurka kuwa nata shingen na ƙa'idojin ƙira ne, motar da ba a ƙera bisa ma'auninta ba sai ta kai shekara 25 kafin ta shiga cikin sauƙi. Kowace ƙasa da abin da take tsoro. Namu tsoron, a fili yake, shi ne kada a yi amfani da sunan masu dawowa a shigo da kayan kasuwa.

Shi kansa kuɗin fiton bai taɓa zama wuri ɗaya ba. A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta fito da tsarin bunƙasa ƙera motoci a cikin gida, wanda ya ɗora kashi 35 cikin ɗari na kuɗin fito da wani ƙarin kashi 35 a kan ƙananan motocin da aka gama haɗawa a waje. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: jiragen ruwa suka karkata zuwa Kwatano, 'yan fasa-ƙwauri suka samu kasuwa, "'yar Kwatano" ta ƙara zama sunan mota a bakin mutanenmu, kamar yadda "Beljiyam" ta zama tun lokacin da tashar Antwerp ke aiko mana da tsofaffin motocin Turai. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, sannan ta rufe iyakokin baki ɗaya a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. A 2022 aka koma wani tsari: kashi 20 na kuɗin fito a kan motar da aka yi amfani da ita, da ƙarin kashi 15, sai harajin VAT na kashi 7.5 a kan jimillar, da wasu 'yan ƙananan caji. Mutumin da ke shirin dawowa gida yakan fara tunani shekara guda ko biyu kafin ranar. A ƙasar da doka ke iya sauyawa mota tana tsakiyar teku, irin wannan shiri caca ne.

Amma inda lissafin ya juya da gaske shi ne watan Yunin 2023, kuma a nan ne maganar dala take buƙatar natsuwa. Kwastan da dala take ƙiyasta darajar mota, sannan ta mayar da ita naira bisa farashin gwamnati. Kafin wannan wata, farashin gwamnati yana wajen naira 460 a kan dala ɗaya, alhali a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Fagge, ana sayen dala a wajen naira 750. Mu ɗauki misalin motar da aka yi wa ƙimar dala 10,000 har da kuɗin jirgi. Harajinta gaba ɗaya zai kama kusan dala 4,500, wato kimanin naira miliyan 2 da 'yan kai a farashin gwamnati na wancan lokaci. Mai dawowa da dala a hannu sai ya je Wapa ya canjar da abin da bai kai dala 2,800 ba, ya samu wannan kuɗi cif, ya biya kwastan. Wato ratar da ke tsakanin farashin biyu ta kasance wani ɓoyayyen rangwame na kusan kashi 40 cikin ɗari, wanda babu dokar da ta rubuta shi, babu kuma wanda ya taɓa kiransa da wannan suna.

Da gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ratar ta rufe. A farkon 2024 dala ta haura naira 1,400 a farashin hukuma ma, kwastan kuma tana sauya nata ma'aunin kusan duk lokacin da kasuwa ta motsa. Wannan haraji na dala 4,500 ya koma sama da naira miliyan 6, kuma mai dala sai ya fitar da 4,500 ɗin nan cur. Ga ɗan kasuwa mai sayarwa da naira, wannan karayar jari ce, kuma ejan-ejan masu fitar da motoci a Legas sun daɗe suna kukan cewa aiki ya yi ƙasa. Ga mai dawowa gida, rangwamen da ya sa yayyensa suka ga riba a kawo mota ne ya ɓace.

Sai sauran tsarabe-tsarabe. A 2022 kwastan ta fara ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17, abin da ya jawo yajin aikin ejan-ejan kafin a daidaita. Manufar ita ce a rage cinikin bayan fage tsakanin jami'i da ejan, kuma a ganina manufa ce mai kyau. Illarta ga mai mota ita ce na'ura ba ta san nawa ya saya ba, ba ta kuma damu ba. Shekara da samfuri take gani. An kuma rage shekarun motar da za a iya shigowa da ita daga 15 zuwa 12, don haka wanda ya riƙe tsohuwar Camry ɗinsa da amana tun yana ɗalibi ya makara. Kowace rana da mota ta ƙara a tasha bayan kwanakin alfarma, kuɗin ajiya na hawa. In ta fito, ga tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Kano, da shingayen jami'ai masu neman ganin takardu, ko da takardun na ƙwarai ne.

Bayan ta iso ma ba a gama ba. Motar da ta dace da titunan Jamus ba lallai ta dace da hanyar unguwa da damina ba. Wadda ta fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, takan zo da tsatsa a ƙarƙashi. Babbar tambaya kuma ita ce ko akwai kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas. Idan Corolla ce ko Accord, an huta. Idan wata baƙuwar ƙira ce mai cike da na'urori, za ta iya shafe wata uku a gindin bishiyar bakanike tana jiran wani ɗan ƙarfe daga Dubai. Ga kuma fetur: tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, don haka ƙatuwar jif mai silinda 8 da ake tinƙaho da ita a Houston ta zama abin kallo a gareji.

Abin da ya fi damuna a wannan sauyi shi ne irin motar da ke maye gurbin wadda ba ta zo ba. Motar mai dawowa gida ita ce mafi aminci cikin duk tsofaffin motocin da za su iya shigowa ƙasa: mai ita ya san tarihinta, ya kai ta duba a kan kari, iyalinsa zai ɗauka a ciki. Dila kuwa, da haraji ya yi masa nauyi, dole ya rage a wani wuri, wurin da ya fi sauƙi kuma shi ne farashin saye. Shi ya sa gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAAI a Amurka, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta cinye, ya zama babbar rijiyar da ake ɗebo mana tokumbo, wato tsofaffin motocin waje. A buga, a yi fenti, a kashe fitilar da ke gargaɗin cewa jakar iskar kariya ta fashe, a kai kasuwa. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma, kusan kashi 40, kuma da yawansu ba za su ci jarrabawar lafiyar mota a ƙasashen da suka fito ba. Mutumin da ya sayar da lafiyayyar motarsa a waje yakan ƙare da sayen ɗaya daga cikin waɗannan, ko kuma ta hannu wadda ta riga ta sha wuyar titunanmu, wadda ita ma farashinta ya bi na tokumbo ya hau.

Hujjar gwamnati ita ce kare masana'antun gida, kuma ba hujjar banza ba ce. Waɗanda suka ga Kaduna lokacin da kamfanin Peugeot, da ya fara aiki a 1975, ke fitar da 504 ba dare ba rana, da Steyr a Bauchi, da Fiat a Kano, sun san abin da aka rasa. Yau akwai Innoson a Nnewi, akwai sabon kamfanin Peugeot na haɗin gwiwa da Dangote a Kaduna. Amma sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin jami'a, kuma bashin banki na sayen mota da ruwa mai sauƙi kusan babu shi. Likitan da aka hana rangwame a kan tsohuwar Hondarsa ba layin sabuwar mota yake shiga ba. Tsoron cewa za a yi wa rangwamen kutse shi ma gaskiya ne, mun san halinmu, za a samu masu sayen fasfon mutane don su shigo da kaya. Sai dai sharaɗin mota ɗaya, da shaidar mallaka ta shekara guda, da hana sayarwa na wani lokaci, abubuwa ne da ake iya bibiya da wannan lambar jikin motar da kwastan ta riga ta dogara da ita wajen karɓar kuɗi.

'Yan'uwanmu na Nijar nasu ya zo ta wata fuska. Ƙasar ba ta da teku, motocinta ta Kwatano suke bi, su hau ta Parakou zuwa gadar Malanville su tsallaka Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wannan gada ta rufe, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da hatsari wadda sai da rakiyar sojoji. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da ke shirin baro Faransa da motarsa sai ya ƙara kuɗin hanya da makonnin jira a kan lissafinsa.

Waɗanda har yanzu ke kawowa, galibi masu dawowa daga ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ne, kuma suna da dalili. Motocin can an ƙera su don zafi da ƙura, na'urar sanyayarsu mai ƙarfi ce, sitiyari a hagu, Toyota ce ta cika kasuwa kamar a nan. Ga kuma matsin lokaci: a Saudiyya ba a ba baƙo bizar fita ta ƙarshe matuƙar akwai mota da sunansa, masu saye kuma sun san haka, sai su yi ta taya ta da arha suna jiran kwanakinsa su ƙare. Wani ɗan'uwana da ya baro Jidda ya zauna da biro da takarda dare biyu, ya ga asarar sayarwa a can da harajin shigowa nan sun kusa yin kunnen doki. Ya loda ta a jirgi, ya ce aƙalla wannan ya san abin da ke cikin injinta.