Ƙunar rana a Jos: yadda ake jinyarta da alaƙarta da sankarar fata

Jos ta yi suna da sanyin yanayi, kuma wannan sanyi ne ke ruɗin mutane da dama game da rana. Birnin yana kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙarfin hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yake ƙona fata, yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk hawan mita 1,000. Mai noman dankalin Turawa a Bokkos, ko mai haƙar kuza a Bukuru, ko mai kasa kayan miya a kasuwar Farin Gada, na iya yini a fili iska na kaɗa shi, bai ji zafi ba, alhali fatarsa tana ƙuna. Ko gajimare marar kauri ba ya tare akasarin wannan haske.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne zabaya, domin fatarsu ba ta da isasshen melanin, sinadarin da ke ba fata launi kuma yake kare ta. Bayan su sai jarirai, da masu shafa man bilicin da ke rage wannan sinadari. Baƙar fata tana da kariya mai yawa, amma ita ma tana ƙuna, sai dai jan ba ya fitowa sarari, an fi gane ta da raɗaɗi da ɗumi da saɓar fata.

Abin yi nan take

Alamun ƙunar kan bayyana sa'o'i kaɗan bayan an sha rana, su tsananta cikin kwana guda. Matakin farko shi ne a shiga inuwa, a yi wanka da ruwa mai ɗan sanyi, ko a ɗora jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta a wurin. Kada a ɗora ƙanƙara, domin tana ƙara lahanta fata. Bayan nan a shafa mai marar turare mai sanyaya fata, irin wanda aka haɗa da alobera, a yawaita shan ruwa, a kuma sa tufafin auduga masu yalwa. Farasitamol ko ibuprofen na rage raɗaɗi, amma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin.

Idan wurin ya yi bororo, kada a fasa shi, kuma kada a saɓule fatar da ta fara ɗagowa. A guji shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai, man shanu ko baselin a kan sabuwar ƙuna. Ƙuna mai sauƙi takan warke cikin mako guda.

Wajibi ne a garzaya asibiti idan bororon ya mamaye wuri mai faɗi, ko an samu zazzaɓi, rawar ɗari, jiri, amai ko ruɗewar hankali, ko wurin ya fara fitar da mugunya, ko kuma wanda ya ƙone jariri ne ko ƙaramin yaro.

Yadda ƙuna ke kai ga sankara

Warkewar raɗaɗi ba ta nufin illa ta gushe. Hasken UV yana lalata ƙwayoyin halittar da ke cikin fata, jiki ya gyara wasu, wasu kuma su tsaya da lahani. Idan hakan ya yi ta maimaituwa tsawon shekaru, musamman tun daga ƙuruciya, lahanin na iya rikiɗa ya zama sankara. Wani rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da aka fitar a 2023 ya nuna cewa kusan mutum 19,000 ne suka rasu a 2019 sakamakon sankarar fata da aiki a cikin rana ya jawo.

A tsakanin zabayan Afirka, cutar takan bayyana tun suna matasa, galibi a fuska, kunne, leɓe da wuya. Takan fara ne da ɗan wuri mai kaushi, daga baya ya zama gyambo. Duk ciwon da ya wuce makonni ya ƙi warkewa, ko tabon da ya sauya launi ko girma ko yake zubar da jini, ya kamata likita ya duba shi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana cikin wuraren da ake gwaji da tiyatar irin wannan ciwo, kuma idan an gano shi da wuri, sau da yawa ƙaramar tiyata ta wadatar.

Rigakafi

A rage zama a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, a sa malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu, a kuma shafa man kariya mai lambar SPF 30 ko fiye, ana sabunta shi duk bayan sa'o'i biyu. Makarantu na iya taimakawa ta hanyar barin ɗalibai zabaya su sa hula da doguwar riga, a kuma ɗauke musu tsayuwar taro da aikin fili da tsakar rana.