Gudu da Tushen Amo a Kiɗan Okestira

Mai son haɗa faifan kiɗa biyu su gudana tamkar ɗaya yakan lura da abubuwa biyu, wato gudu da tushen amo. Gudu shi ne yawan bugu a minti ɗaya. Tushen amo kuwa shi ne sautin da kiɗa yake kewayawa, ya dawo ya sauka a kansa.

A nan kiɗan okestira yake da wuyar sha'ani. Alal misali, Simfoni ta Biyar ta Beethoven, wadda aka fara kaɗawa a birnin Biyana a 1808, an gina ta bisa C ƙarami, saboda haka takan jitu da kiɗan da ke bisa G ƙarami ko F ƙarami. A 1817 Beethoven ya ƙayyade wa kashinta na farko bugu 108, amma kowane jagoran makaɗa da irin tafiyarsa: ya ja nan, ya sassauta can, ya tsaya cik inda aka tsawaita sauti. Idan aka ƙara wa faifan garmaho sauri da kimanin kashi 6 cikin ɗari don a daidaita gudu, amon yakan hau rabin mataki, jituwar ta wargaje. Kwamfuta tana iya raba gudu da amo, sai dai in an matsa mata, muryar gogunan takan yi rawa.