Icce Yana Riƙe da Lissafin Ruwan Sama

Ɗan'uwa manomi, ka taɓa duban gindin iccen da aka yanke da zarto? Za ka ga zobba, wani cikin wani, tun daga tsakiya har zuwa ɓawo. A ƙasar da damana da rani suka rabu sosai, itatuwa da yawa suna ƙara zobe guda kowace shekara. In ruwa ya wadata, zoben ya yi faɗi. In an yi fari, sai ya fito siriri.

A ƙasar Bolibiya, cikin Amurka ta Kudu, akwai wani dutse mai suna Sajama. Tsawonsa ya wuce mita 6,500. A jikinsa wani gajeren icce yake tsirowa, mutanen wurin suna ce masa kenyuwa. Ana samunsa har wajen mita 5,000, inda sanyi ya hana sauran itatuwa rayuwa. Damanarsu tana farawa wajen Disamba, ta ƙare a Maris.

Masana sun auna zobban itatuwa masu rai, suka haɗa da na matattu. Inda jerin faɗi da siriri ya yi daidai, sai su gane shekarun ɗaya ne. Da haka suka yi ta komawa baya. Sannan suka gwada da lissafin ma'aunin ruwa na zamani. Suka ga faɗin zoben kenyuwa yana bin ruwan bara, ba na bana ba.

A shekarar 2012 suka fitar da labarin ruwan yankin tun daga shekarar 1300. An yi fari masu tsawo tun dā. Amma daga wajen 1930 ruwa ya yi ta raguwa. Wannan babban gargaɗi ne ga masu noman dankali da makiyaya na can.

Aikin yana son hankali. Shekarar mugun fari, icce na iya ƙin yin zobe. Inda ake damana biyu, kamar wasu duwatsun Habasha, yana iya yin biyu. Shi ya sa ake gwada itatuwa da yawa.

Kai ma ka san farin 1973 da na 1984 a Nijar. Tunda ka iya karatu da rubutu, samu littafi. Rubuta ranar ruwan shuka, da ranar da ruwa ya ɗauke, da damman da ka samu. Jikokinka za su amfana.