Baƙin Mako Guda a Ƙasar Mutanen Maya

A kowace shekara, musamman daga watan Yuni zuwa Agusta lokacin da makarantun Amurka ke dogon hutu, filin jirgin saman birnin Gwatamala yakan cika da ayarin baƙi masu riguna iri ɗaya, da sunan cocinsu rubuce a ƙirji. A cikinsu akwai 'yan makaranta, akwai likitoci da nas-nas, akwai kuma dattawan da suka ajiye aiki. Dukansu 'yan sa kai ne, ba wanda ake biya ko kwabo, hasali ma su ne suka tara kuɗin jirgi daga aljihunsu da na 'yan cocinsu. Daga filin jirgi sai su shiga mota su nufi ƙauyukan mutanen Maya da ke kan tuddai, su yi mako guda ko kwana goma suna aikin taimako, sa'an nan su koma gida.

Abin ba ƙarami ba ne. Wani masanin zamantakewa na Jami'ar Princeton, Robert Wuthnow, ya ƙiyasta a wajen 2005 cewa Amurkawa kimanin miliyan 1.6 ne ke irin wannan gajeriyar tafiya ta mishan zuwa ƙasashen waje a kowace shekara, kuma Gwatamala na cikin ƙasashen da aka fi zuwa. To, shin wane ne ke amfana da wannan kai-da-kawo, mai gida ne ko baƙo? Kafin mu kai ga amsa, ya kamata mai karatu ya fara sanin masu gidan.

Su wane ne Maya?

Gwatamala ƙasa ce ta yankin Amurka ta Tsakiya, tana kudu da Meziko. Mutanen Maya kuwa su ne 'yan asalin wurin tun dubban shekaru kafin zuwan Turawa. Kakanninsu sun gina manyan birane irin su Tikal, suna da rubutunsu na kansu da lissafin taurari, kuma har yau akwai dattawan da ke riƙe da kalandarsu mai kwana 260. Ƙidayar 2018 ta nuna cewa sun haura kashi 40 cikin ɗari na mutanen ƙasar, kuma suna da harsuna 22, kamar Kiche da Kakcikel da Mam da Sutuhil. Amma harshen hukuma da makaranta da asibiti shi ne Sifaniyanci, wanda tsofaffi da yawa, musamman mata, ba su iya shi sosai ba. Mu da muke zaune a zango mun san wannan hali, wato mutum ya yi harshe ɗaya a gida, ya je ofis a tambaye shi da wani.

Abincinsu masara ne. Ita masarar nan da muke tuwo da koko da ita, a can Meziko aka fara noma ta shekaru wajen 9,000 da suka wuce, daga baya jiragen Turawa suka kawo ta Afirka. Manomin Maya yakan shuka masara da wake da kabewa a gona guda. Mata su dafa masarar da ruwan farar ƙasa, su niƙa, su yi 'yar gurasa mai faɗi su gasa a kasko. Tsohon littafinsu mai suna Popol Vuh ma cewa ya yi daga ƙullun masara aka yi mutum.

Duk da wannan tarihi, talauci ya yi musu katutu. Binciken lafiya na ƙasa na 2014 zuwa 2015 ya gano kusan rabin yaran Gwatamala 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, abin kuma ya fi tsanani a yankunan Maya. Wannan shi ne ke jawo baƙin.

Tarihi mai nauyi

Baƙon da ya shiga ƙauyen Maya da gicciye a wuya, ko ya sani ko bai sani ba, ya taka sawun waɗanda suka riga shi. Sojojin Sifen sun ci ƙasar da yaƙi daga 1524 ƙarƙashin Pedro de Alvarado, masu wa'azi na biye da su. A 1562 wani limamin coci, Diego de Landa, ya ƙone littattafan Maya a garin Mani na yankin Yukatan. An ƙwace gonaki, daga baya kuma aka riƙa tilasta wa mutane aikin gandun kofi.

Na baya-bayan nan shi ne yaƙin basasa na 1960 zuwa 1996. Hukumar binciken gaskiya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki nauyi ta bayar da rahoto a 1999 cewa mutum kimanin 200,000 aka kashe ko suka ɓace, kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka tantance Maya ne, kuma mafi yawan ta'asar sojojin gwamnati da mayaƙan sa-kanta ne suka yi. Coci ma bai tsira ba. An kashe Bishop Juan Gerardi a watan Afrilu na 1998, kwana biyu kacal bayan ya gabatar da rahoton cocin Katolika a kan kashe-kashen. Saboda haka dattijuwar da ɗan sa kai zai tarar tana saƙa a ƙofar ɗaki, mai yiwuwa ne ta binne miji ko ɗa a waɗancan shekaru, ko ma ba ta sami gawar da za ta binne ba.

Abin da 'yan sa kai ke yi

Ayyukan dai sanannu ne: gina ɗaki da bulo da kwano, fentin makaranta, haƙa masai, raba matatar ruwa, buɗe asibitin wucin gadi na 'yan kwanaki, da koya wa yara labaran Littafi Mai Tsarki. Da safe a yi addu'a, a fita aiki, da yamma a zauna kowa ya faɗi abin da ya gani.

Aikin da ya fi nuna amfani a fili shi ne na murhu. Gidaje da yawa a kan tuddan nan suna girki da itace a kan duwatsu uku, kamar yadda muka sani, sai dai su a cikin ɗaki suke hura wutar saboda sanyi. Hayaƙi ya turnuƙe, uwa tana girki da jariri goye a baya. 'Yan sa kai sukan taimaka a kafa murhun siminti mai bututun da ke fitar da hayaƙi ta rufin ɗaki, wanda kuma ba ya cin itace da yawa. Wani bincike da Kirk Smith na Jami'ar Kalifoniya ya jagoranta a yankin San Markos, aka buga a 2011, ya nuna irin wannan murhu ya rage matsanancin ciwon huhu a tsakanin jarirai da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Amma murhun ma yana da sharaɗi. Idan ba a tambayi uwar gida tsayin da take so ba, ko kaskon gurasarta bai zauna a kai ba, ko bututu ya ruɓe babu maƙerin da zai gyara a gari, to ba a daɗewa sai ta koma ga duwatsunta uku, sabon murhu ya zama wurin ajiye tukwane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda gizo ke saƙar

Masu sukar wannan tafiya, da yawansu 'yan coci ne da kansu, sun fi magana a kan kuɗi. Bayan guguwar Mitch ta 1998, wani malami mai suna Kurt Ver Beek ya bi diddigin gidajen da aka sake ginawa a Honduras, maƙwabciyar Gwatamala. Ya ga ayarin baƙi yakan kashe wajen dala 30,000 don ya zo ya gina gidan da maginan gari ke ginawa a kan wajen dala 2,000, kuma masu gidajen ba su ga wani bambanci tsakanin biyun ba. Bugu da ƙari, duk bulon da ɗan makarantar Amurka ya ɗora kyauta, akwai birkilan gari da zai so a biya shi ya ɗora, kuma ya fi shi iyawa.

Haka batun asibitin mako guda. Likita ya yi magana da Turanci, tafinta ya mayar Sifaniyanci, wani ya sake mayarwa Kakcikel, kafin magana ta kai ga mara lafiya ta ragu. A ba mai hawan jini ko ciwon sukari maganin wata guda, baƙi su tafi, magani ya ƙare. Don toshe wannan giɓi ne aka kafa ƙungiyar Wuqu' Kawoq a 2007, wadda ke duba marasa lafiya a cikin harsunan Maya duk shekara, tana aiki tare da ungozomomin gargajiya.

Akwai kuma rashin sanin al'ada. Ɗaukar hoton yara ba tare da izini ba babban laifi ne a ƙauyuka da yawa, domin an daɗe ana fama da satar jarirai ana sayar wa masu neman ɗan riƙo a ƙasashen waje, har sai da ƙasar ta rufe wannan ƙofa a 2008. A shekarar 2000, jita-jitar satar yara ta sa taron jama'a sun kashe wani ɗan yawon buɗe ido ɗan Japan da direban motarsu a garin Todos Santos. Ta fuskar addini kuma, ƙauye guda yakan ƙunshi 'yan Katolika da 'yan ɗarikun bishara da masu bin al'adar kaka da kakanni. Idan taimako ya bi ta ƙofar coci ɗaya kawai, sai ya bar gaba a bayansa.

Misali biyu daga bakin tafki

A gefen Tafkin Atitlan, wanda duwatsu uku masu aman wuta suka tsaya a kansa, akwai garuruwa biyu da tarihinsu ya isa darasi.

Na farko Santiyago Atitlan ne, garin mutanen Sutuhil. A 1968 wani Fada ɗan manomi daga jihar Oklahoma, Stanley Rother, ya sauka a can. Mutum ne da aka taɓa sallama daga makarantar horon limamai saboda Latin ya gagare shi, amma ya zauna ya koyi Sifaniyanci da Sutuhil, har yana wa'azi da shi, ya kuma sa hannu aka fassara Sabon Alkawari. Yana shiga gona da manoma, yana gyaran inji. Da yaƙi ya yi zafi aka sa sunansa cikin jerin waɗanda za a kashe, sai ya koma Amurka a farkon 1981, amma bayan 'yan watanni ya dawo wurin mutanensa. Ranar 28 ga Yuli, 1981, 'yan bindiga suka harbe shi a gidan coci. An kai gawarsa Oklahoma, sai dai mutanen gari sun roƙa aka bar musu zuciyarsa, tana nan binne a cocin garin. A 2017 cocin Katolika ya ɗaga shi zuwa matsayin mai albarka.

Na biyu San Lukas Toliman ne, garin mutanen Kakcikel. Fada Gregory Schaffer na jihar Minesota ya zo a 1963, ya shafe kusan shekara 50 yana hidima har rasuwarsa a 2012. Da ya saurari mutane sai ya ga babbar buƙatarsu ƙasar noma ce, domin yawancinsu 'yan ƙodago ne a gandun masu kuɗi. Mishan ɗin ya riƙa sayen fili yana raba wa iyalai, ya kafa makaranta da asibiti da aikin dashen itatuwa, yana kuma sayen kofi a hannun ƙananan manoma da farashi mai kyau. Wannan mishan yana karɓar baƙi 'yan sa kai masu yawa, amma bisa tsari guda: 'yan gari ke shugabancin aiki, su ake biya albashi, baƙo kuwa ɗan taya aiki ne. Zai ɗebi yashi, ya tankaɗe, ya tsince kofi, ya yi abin da shugaban aiki ya ce, ya kuma zauna ya ji tarihin gari daga bakin masu shi.

Abin lura

Waɗannan mutum biyu ba baƙin mako guda ba ne, kuma ba kowa zai iya abin da suka yi ba. Sai dai sun nuna ma'aunin da za a auna gajeriyar tafiya da shi. Shin mutanen gari ne suka nemi aikin? Wa ke riƙe da kuɗi da shawara? Wa zai kula da abin bayan jirgi ya tashi? Shin cocin nan zai dawo wannan gari baɗi da baɗin baɗaɗa, ko kowace shekara sabon wuri? Inda amsoshin suka yi kyau, ziyarar takan zama zumunci, baƙi su koma gida su ci gaba da aiko kuɗin makarantar yara da albashin nas na gari shekara da shekaru. Inda ba su yi kyau ba, abin da ke saura shi ne hotuna a wayar baƙo da bangon da aka yi wa fenti sau uku.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa tana da amfaninta ga shuka, amma ba ita ke raya gona ba, kuma hantsi na yi ta tafi. A unguwanninmu ma muna ganin masu kawo taimako daga nesa, na coci da na masallaci da na ƙungiyoyi, wani lokaci kuma mu ne ke kai wa wasu. Tambayoyin nan huɗu sun dace da kowannensu, kuma mai gida yana da ikon yin su tun kafin a sauke kaya daga mota.