Shin Ko Kun San? Wa Ke Riƙe da Bindiga a Jirgin Dakon Kaya

Shin ko kun san cewa yawancin manyan jiragen ruwan da ke kawo mana shinkafa da motoci da man fetur ba su da ko bindiga ɗaya a ciki? Jirgin dakon mai Sirius Star, wanda 'yan fashin Somaliya suka kama a Nuwamban 2008, ya fi filin ƙwallo uku tsawo, yana ɗauke da ɗanyen mai ganga miliyan 2, amma mutum 25 ne kacal a cikinsa, kuma babu mai makami. 'Yan samari a kwale-kwale, da tsani da AK-47, suka kora shi gaɓar ƙasarsu.

Ko kun san da can ba haka abin yake ba? Jiragen fatake na ƙarni na 17 da na 18 da igwa suke tafiya. Sai dai igwa ba ta hana ƙaddara. A 1695 ɗan fashin Ingila Henry Every ya tare Ganj-i-Sawai, jirgin Sarkin Indiya Aurangzeb, yana dawowa da alhazai da dukiya daga Bahar Maliya. Jirgin na da igwa barkatai da ɗaruruwan 'yan bindiga. Ana fara musayar wuta igwa ɗaya ta fashe a kan masu harba ta, wuri ya rikice, 'yan fashi suka hau. Aurangzeb ya huce haushinsa a kan 'yan kasuwar Ingila da ke ƙasarsa, ya rufe musu wuraren ciniki, ya tsare ma'aikatansu.

Shin ko kun san Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, har yau ba ta goyon bayan a ba ma'aikatan jirgi bindiga? Dalilan a fili suke. Injiniya da kuku ba sojoji ba ne. Harsashi da tankin gas ko na fetur ba sa ga maciji. Ga fargabar cewa in ka harba ɗaya, ɗan fashi zai rama da roka. Uwa uba, jirgi ɗaya kan tsaya a tashoshin ƙasashe da dama a tafiya guda, kowacce da dokarta ta makamai: bindigar da take halas a nan, fasa-ƙwauri ce a tasha ta gaba.

To da me suke kare kansu? Da dabara. Ana naɗe gefen jirgi da waya mai reza. Ana ɗaure mesar kashe gobara ta yi ta feshin ruwa a inda za a jingina tsani. Wasu kan tsayar da mutum-mutumi sanye da kayan aiki, don daga nesa a zaci masu gadi ne. Akwai na'urar da ke aika ƙara mai huda kunne, wadda jirgin 'yan yawon buɗe ido Seabourn Spirit ya yi amfani da ita a Nuwamban 2005. Akwai kuma ɗakin ƙarfe da ma'aikata ke kulle kansu ciki da ruwa da abinci da wayar sadarwa, su jira sojojin ruwa. Amma babban makami shi ne gudu: jirgin da ke sharara fiye da kilomita 33 a awa ɗaya, hawansa daga kwale-kwale sai wanda ya gaji da duniya. Matsalar ita ce gudu na shan mai, mai kuwa kuɗi ne.

A Disamban 2008 ma'aikatan jirgin Sin Zhen Hua 4 da kwalabe cike da fetur da mesar ruwa suka yi ta fafatawa da 'yan fashin da suka riga suka hau jirginsu, har jiragen sama masu saukar ungulu suka iso. Wata guda kafin nan, masu gadi uku da aka ɗora a jirgin Biscaglia ba tare da bindiga ba, da wuta ta yi wuta, teku suka faɗa, aka tsamo su. Jirgin kuwa ya tafi.

Shin ko kun san jirgi ɗaya ne ya nuna wa duniya bambancin da masu gadi da bindiga ke kawowa? A Afrilun 2009 aka hau Maersk Alabama, mai ɗauke da abincin agaji zuwa Mombasa, aka yi garkuwa da Kyaftin Richard Phillips, har sai da gwanayen harbi na sojojin ruwan Amurka suka kashe uku daga cikin 'yan fashin. A Nuwamban shekarar wasu suka sake tunkarar jirgin. Wannan karon akwai masu gadi da bindigogi. Aka buɗe musu wuta, suka juya.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Ba a miƙa wa ma'aikata bindiga ba, haya aka koma yi: mutum uku ko huɗu, galibi tsofaffin sojoji, su hau jirgi a bakin yankin haɗari, su sauka a ƙarshensa. Lokacin da abin ke tashe, rakiya ɗaya kan kai kimanin dala dubu 50. A 2011 IMO ta fitar da ƙa'idojin ɗaukar irin waɗannan masu gadi, Birtaniya ma ta halatta su a jiragen da ke ɗauke da tutarta. A shekarar an ƙirga hare-haren 'yan fashin Somaliya 237. A 2012 suka koma 75, a 2013 kuma 15. Kamfanonin tsaro na son a ce aikinsu ne kaɗai, suna ta nanata cewa 'yan Somaliya ba su taɓa ƙwace jirgi mai masu gadi da makamai ba. A ganina sun yi rowar yabo, domin jiragen yaƙin Tarayyar Turai da NATO da Sin da Indiya ma sun yi ta sintiri a wannan ruwan a lokacin.

Ko kun san akwai rumbunan makamai da ke yawo a kan ruwa? Tunda ƙasashe ba sa yarda a shigo musu da bindiga, sai aka ajiye tsofaffin jirage a tsakiyar teku, a Bahar Maliya da mashigin Oman, inda masu gadi ke ajiye makamai su kuma kwana kafin aiki na gaba.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Daga saman jirgi, ta yaya za ka bambanta masunci da ɗan fashi? Ranar 15 ga Fabrairun 2012 sojojin ruwan Italiya biyu da ke gadin jirgin mai Enrica Lexie suka harbi wani kwale-kwale a gaɓar Kerala. Masunta ne 'yan Indiya, biyu suka mutu. Rigimar wa zai yi shari'a ta kai ƙasashen biyu gaban kotun sulhu a Hague, ba a rufe maganar a Indiya ba sai 2021, bayan Italiya ta biya diyyar rupi miliyan 100. Wannan an ji labarinsa ne saboda akwai gwamnati mai ƙarfi a bayan mamatan. Masuncin Yaman ko na Somaliya da aka harba bisa kuskure, wa zai bi masa kadi?

Su ma masu gadin suna shan ɗauri. A 2013 Indiya ta kama jirgin Seaman Guard Ohio da mutum 35 da makamai, aka yanke musu shekara biyar-biyar, ba a wanke su ba sai ƙarshen 2017.

Shin ko kun san Nijeriya ba ta yarda masu gadi na haya su shigo ruwanta da bindiga ba? A Oktoban 2012 sojojin ruwa sun kama jirgin Myre Seadiver a Legas da Rashawa 15 da bindigogi da dubban harsasai. A nan tsarin shi ne mai jirgi ya yi hayar ƙaramin jirgin rakiya, sojojin ruwan Nijeriya ne ke riƙe da makamai a cikinsa. Fashin mashigin Gini ma daban yake: ba a cika tafiya da jirgi ba, mutane ake kwasa a shige da su surƙuƙin Neja Delta. Cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya a 2020, an sace 130 a nan. A Janairun 2021 maharan jirgin Mozart sun fasa ɗakin ƙarfen, suka kashe injiniya ɗaya, suka tafi da Turkawa 15. Dokar Nijeriya ta yaƙi da fashin teku ta 2019 da shirinta na tsaron teku, Deep Blue, da aka ƙaddamar a 2021 sun zo, hare-haren suka ragu ƙwarai.

A farkon 2023 kamfanonin sufuri suka cire tekun Indiya daga jerin yankunan haɗari, masu jirage da yawa suka ga kuɗin gadi asara ne. A Maris na 2024 'yan fashin Somaliya suka kama jirgin Bangladash MV Abdullah, mai dakon kwal daga Mozambik, da mutum 23, babu mai gadi ko ɗaya a ciki. Sun yi wata guda a hannu, 'yan fashin kuma suka ce dala miliyan 5 aka biya su.