Hoton Mahaifi Da Amanar Mai Gyara

 Maganar yau a kan tsofaffin hotunan iyaye ce, waɗanda ke kwance cikin adaka da gafaka, da yadda a ke juya su cikin na'ura a gyara su. Abin da ya sa na ɗauko ta kuwa, wani al'amari ne da ya auku a gidana.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai bar hoto ba sai guda ɗaya tak, wanda aka ɗauka domin fasfo shekarar da ya sauke farali, watau 1974, daidai da 1394 ta Hijira. Shekaru suka ci takardar, laima ta ɓata gefe guda. Sai ɗana ya karɓa ya kai shago, aka wanko ma sa babba mai launi, yana sheƙi. Muka kai wa gwaggona, ƙanwar marigayi, wadda ta haura tamanin. Ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta miƙo mini ta ce, "Malam, wannan bawan Allah kyakkyawa ne, amma ba yayana ba ne. Ina billensa?" Muka duba, ashe babu bille, babu tabon sujada a goshi, har fatar ta yi haske. Na'ura ta ɗauki tsagar gado a kan ƙarzuwar takarda ce, ta share.

Na san cikin masu karatu akwai waɗanda za su ce, me ya haɗa malami da hoto? Lalle malamai sun yi saɓani. Tun da wannan sana'a ta bayyana a Faransa cikin 1839, wasu sun hana sai bisa lalura, kamar fasfo da katin shaida. Wasu kuwa sun halatta, cikinsu har da Shaihu Muhammadu Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar, wanda ya rasu 1935, ya kuwa wallafa risala yana cewa aikin tsare inuwa ne, kamar abin da mutum ke gani cikin madubi. Kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Sai dai wanda ya riga ya ajiye hoto, wajibi ne ya san haƙƙin abin da ya ajiye.

Mu fara da sanin cutar. Hoto baƙi da fari, ƙwayoyin azurfa ne ƙanana ƙwarai cikin wani danƙo da aka shafa bisa takarda. In damina ta yi, danƙon nan ya sha laima ya yi laushi, sai ya manne wa gilashi ko ɗan'uwansa, fumfuna kuma ta kama shi. Mai launi kuwa rini uku ne, ba su kuwa koɗewa tare, shi ya sa a kan ga tsohon hoton biki ya koma ja ko rawaya. Rana da zafin kwano suna gaggauta wannan, gara da kyankyaso su ƙarasa saura.

To, ga yadda a ke juyawa. Masu shagon kwamfuta suna da na'ura da su ke kira sikana, ana kifa hoto bisa gilashinta, haske ya bi ta kansa ya kwashe surarsa. Ka ce a ɗauka da ɗigo 300 a kowane inci in hoton babba ne, ƙarami irin na fasfo kuwa kada ya gaza 600, domin ya jure faɗaɗawa. A ajiye shi da sigar TIFF, wadda ba ta rage kome, a fitar da JPEG domin rabawa. In ba sikana, waya ma ta isa: a shimfiɗa hoton cikin inuwa mai haske, a kashe fitilar wayar, a riƙe ta daidai bisa kansa ba karkata. Wanda ya manne wa gilashi kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. A ɗauka yadda ya ke. Mai dodon hoto ya riƙe shi da kyau, gama abin da ke cikinsa ya fi na takarda cika. A sani kuma WhatsApp yana matse hoto ya rage shi, sai fa in an aika shi a matsayin fayil.

Yanzu ga inda amana ta ke. Mu da muka tashi cikin littattafan hannu mun san ladabin mai juya littafi. In ya iske gara ta ci kalma, ya kan bar gurbin fari, ya rubuta a gefe cewa haka ya same shi a asali. Ba ya ƙaga kalma daga kansa ya jingina wa mawallafi. In ya gama kuma sai a yi muƙabala, ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin sabon. Mai gyaran hoto ma haka ya kamata ya yi. Share ƙura da tabon ruwa daga bango ko riga, da daidaita haske, duk ba laifi. Amma manhajojin zamani masu ƙirƙirarriyar basira, inda fuska ta dushe, ƙiyasi su ke yi da ɗimbin fuskokin wasu mutane da aka horar da su a kai, su zana ido da haƙori da ba na mai hoton ba. Launin da su ke sa wa rawani da riga ma kintace ne. 'Yan kasuwa sun san sunan wannan aiki in an yi shi cikin mudu: algus ke nan.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu. Na farko, a ajiye juyin farko yadda ya fito, da tabonsa da yagewarsa, gyara kuwa a yi shi bisa kwafi, a rubuta a jikinsa cewa gyararre ne. Na biyu, a yi muƙabala, a kai wa tsohon da ya san mai hoton da rai, kafin a raba wa dangi. Na uku, kada a yar da asali, kada kuma a liƙe shi cikin roba da zafi, domin abin da aka liƙe ba ya kwancuwa. A sa shi cikin farar takarda mai tsabta, a ɗaki mai sanyi, nesa da ƙasa. Juyin kuwa a yi uku, guda a gidan wani ɗan'uwa, gama waya na faɗuwa, katin ajiya na mutuwa ba sallama.

Na huɗu shi ne mafi gaggawa. A rubuta a bayan kowane hoto da fensir mai laushi, ban da biro, sunan mai shi da na ubansa, da garin, da shekarar. Marubutanmu na dā su kan rufe littafi da sunan mai juyi da mai mallaka, shi ya sa har yau masu bincike a Gidan Arewa na Kaduna ke gane asalin littattafai da yawa. Gidajen fatake nawa ne ke da hoton wani dattijo da aka ɗauka a zangon Kumasi, ko a Sudan bisa hanyar Makka, yau ba wanda ya san ko wane ne? Takarda ta kan jira shekara guda, tsohuwar da ta san sunan kuwa ba mu da tabbacin za ta ga wata damina.

Ni dai na koma na sa aka sāke juya ɗan hoton fasfon nan ba tare da an taɓa fuskar ba. Ya fito da duhunsa da tabonsa. Gwaggo ta duba, ta sa yatsa bisa billen, ta kira shi da sunan da su ke kiransa tun suna yara, wanda ni kaina ban taɓa ji ba sai ranar. Na rubuta shi a baya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.